Rumman a Cikin Mataccen Firiji

Asabar, 2 ga wata, da hantsi

Tun ranar da ƙanena ya shafe tsakar gidan nan da siminti ban ƙara taka ƙasar gidan ubana ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na fito da safe na ga wannan dandamalin sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Tafiyar aiki na yi, na dawo na tarar an sare gwaibar da mahaifinmu ya dasa, an rufe ko'ina daga bango zuwa bango. Wai tsafta. Ɗan kwangila ne, duk abin da bai sandare ba a wurinsa ƙazanta ne. A littafin nan Sarkin Siminti nake kiransa. A fili ba na kiransa komai.

Abu ɗaya ya tsira, rumman ɗin matata. Reshe ne ta yanko daga gidan mahaifiyarta shekarar da muka yi aure. Da ta ga an fara sauke yashi a ƙofar gida, ita kaɗai ta tono shi ta sa a rabin duro, ta ja shi lungun da ke kusa da famfo. Yana nan ciki har yau.

Jiya na matsar da duron don in wanke wurin, gindinsa ya zube. Tsatsa ta cinye shi. Saiwoyin sun fito waje, sun nannaɗe juna kamar tsohon soso, ganye ya fara yin rawaya. A haka ba zai kai ƙarshen wata ba.

Dole ya kai. Ranar da ta dawo daga asibiti shi za ta fara nema, kafin ni.

Gansakukar bakin famfon na kankare ta da wuƙa. Ba wanda ya sa ni. Siminti da ruwa da gansakuka, kowa ya san abin da suke yi wa ƙafar mai shekaru, sai wanda ya zuba simintin.

Lahadi, 3 ga wata, bayan azahar

Auta ta kira daga asibiti. Ita ke kwana a gefen gadon uwarta tun ranar da abin ya faru.

"Baba, yau za ka zo?"

Na ce ina da aiki.

"Wane aiki, Baba? Kai da ka yi ritaya tun ina makaranta?"

Na ce ta gaishe min da ita.

"Ba ta jin gaisuwar aike," in ji ta, ta kashe waya.

Na je ai. Ranar farko na je. Na tsaya a bakin ƙofa na ga abin da na gani. Ba sai na rubuta ba.

Litinin, 4 ga wata, da yamma

Na tafi filin 'yan gwangwan da ke bayan kasuwa. Duk abin da garin nan ya tauna ya tofar yana can: gadajen ƙarfe, fankoki marasa fukafukai, kujerun ofis, tukwane masu huji. A gefe guda suna ƙona waya don su fitar da tagulla, hayaƙin baƙi ƙirin, yana shaƙe maƙogwaro. Na hango wata kabad ta ƙarfe irin wadda muke ajiye samfurin ƙasa a gandun bincike. Ban matsa kusa ba, kada in ga lambar da na sani. Gandun da na ba rabin rayuwata yanzu wurin wankin mota ne.

Mai filin wani gajere ne da ake kira Sikeli, don duk abin da ya gani sai ya ɗaga ya ji nauyinsa. Hannuna ma da na miƙa masa sai da ya jinjina.

"Malamin gona, yau kai ne a fadarmu? Sayarwa za a yi ko saye?"

Malamin gona. Na yi karatun ƙasa da saiwa har gashina ya fara zuba, na dawo da takardu masu hatimi, amma a unguwar nan ni da mai tallan maganin ɓera sunanmu ɗaya.

Na nuna masa wani babban firiji da aka riga aka cire wa inji. Idan aka kwantar da shi rigingine aka cire ƙofar, akwati ne mai zurfi, kuma bangonsa mai kauri ne, rana ba za ta dafa saiwa ba. Ya buɗe shi, warin tsohon kifi ya buge mu. Shi kansa da ya saba sai da ya ja da baya.

"Baba, wannan ba ya sanyi fa. Ko da takardun naka ba za ka tashe shi ba."

"Ba sanyi nake nema ba."

"To me za ka sa a ciki?"

"Kaina."

Ya yi dariya har da dukan cinya. A madadin kuɗi na ba shi tafiretata, wadda na buga rahotannin da ba wanda ya karanta. Ya ɗaga, ya jinjina, ya ce ƙarfen da ne, mai nagarta. Shi ne mutum na farko da ya yabi wani abu da ya shafi aikina. Gobe zai kawo firijin a amalanke.

Ban je ba.

Talata, 5 ga wata, da magariba

Wankin firiji da toka da ruwan zafi. Warin yana hannuna har yanzu. Ban je ba.

Laraba, 6 ga wata, da la'asar

Makanikin bakin titi ya ba ni tsofaffin tayoyi, yana murna na rage masa gidan sauro. Na cika su da ɓaraguzai, muka ɗora firijin a kai. Na gasa rodi a wuta na huhhuda bayansa don ruwa ya sami hanya. A ƙasa na shimfiɗa fasassun bulo da na kwaso daga tulin Sarkin Siminti. Karo na farko ke nan da kayansa suka yi wa wani abu mai rai amfani. Ƙasar daga wani kango na ɗebo, na haɗa da kashin awaki, da garin gawayi, da ɗan yashi. Na cuɗa da hannu. Hannun bai manta ba.

Tsayin ne ya cinye min lokaci. Na fito da kujerar roba na zauna a gabansa, na ajiye hannun dama a kan cinya kamar ba nawa ba, na miƙa na hagu. Ya yi tsawo. Na sake kiran makaniki muka cire taya ɗaya a kowane gefe. Na koma na zauna, na miƙa. Yanzu tafin hagu yana sauka a kan ƙasar ba tare da an ɗaga kafaɗa ba.

Matar ƙanena tana leƙe ta taga. Ta ga tsoho a kujera yana miƙa wa firiji hannu ɗaya. Ta saki labule.

Alhamis, 7 ga wata, da yamma

Na dasa shi.

Na tsaga ragowar duron da guduma, na warware saiwoyin, na datse waɗanda suka ruɓe. Sai abin da nake gudu. Itacen da aka taɓa wa saiwa haka ba zai iya shayar da ganye ba. Idan ka bar masa rassa, su za su tsotse shi ya mutu. Na datse su duka, na bar gangar jiki da 'yan gajerun kafaɗu. Na ɗiga kyandir a bakin kowane yanka, na naɗe jikin da tsohon buhu saboda rana. Wanda bai sani ba zai ce sanda ce aka soka a ƙasa aka yi mata bandeji.

Wanda bai sani ba kuwa sai ga shi, ƙanena, yana sakace.

"Yaya, sannu da aiki. Wannan kuma mene ne?"

"Me ka gani?"

"Na ga firiji a kwance, da sanda." Ya dubi tsagaggen duron da tulin ganyen da ke ƙasa. "Ayya, ashe itacen nan ya mutu. Kada a gaya mata yanzu."

Mutumin da ya sare gwaibar ubansa tana ɗauke da 'ya'ya, shi zan tsaya in koya wa saiwa?

"To sandar fa, Yaya?"

"Tuta zan ɗaura mata. Nan ne iyakar ƙasata, simintinka ya tsaya daga can."

Bai yi dariya ba. Ya yi min irin kallon da ake yi wa wanda ya fara magana shi kaɗai a titi. Ya ce, "Kana cin abinci kuwa?"

Kada a gaya mata. A nan kam bakinmu ya zo ɗaya. Ba wanda zai je ya ce mata na yi wa itacenta aski. Idan ya yi toho, ni zan faɗa mata da bakina, kuma ita za ta fara ji.

Rassan da na datse na zaɓi masu kyau na soka a gwangwanayen madara, ko da uwar za ta ƙi. Don in rufe su sai na sauko da takardar digirina daga bango, na zare ta, na ɗauki gilashin. Takardar tana ƙarƙashin katifa. Ba ta yi ƙorafi ba.

Asabar, 9 ga wata, da safe

Sanda dai sanda ce. Ban je ba.

Litinin, 11 ga wata, bayan la'asar

Ruwa ne matsalar. Famfon sai ya ga dama yake zuwa, sabon dashe kuma ba ambaliya yake so ba, ɗigo yake so. Na huda robobin ruwa na rataya a jikin tsohon ƙarfen gado, amma ko su zube lokaci ɗaya ko su toshe. Sai na tuna abin da na gani rataye a kan matata ranar farko a asibiti: siririyar roba mai ɗan maɓalli da ake murzawa a rage gudu.

Da Auta ta kira na ce, "Robar ƙarin ruwan nan, idan ta ƙare zubar da ita suke yi?"

"Me ka ce?"

"Idan za su zubar, ki ajiye min. Ban da allurar."

Ina jin numfashinta. "Baba, mace tana kwance ko sunana ba ta iya kira, kai kuma shara kake so in tsinto maka?"

"Ba shara ba ce."

"Baffa ya gaya min komai. Ya ce ka mai da gida juji. Ya ce zama kake yi kana hira da firiji."

"Ki ce wa Baffan naki..."

Ta kashe kafin in ƙarasa. Gara da ta kashe.

Talata, 12 ga wata, da azahar

Direban ƙanena ya miƙo min leda. Robobin ne, an wanke su, an naɗe. Ba saƙo. Halin uwarta sak: ta harare ka, sannan ta yi maka abin.

Suna ɗiga daidai yadda nake so. Na zauna ina kallon ɗigon yana sauka, sai na tuna inda aka ciro su. Na tashi na shiga ɗaki.

Alhamis, 14 ga wata, da yamma

'Yan dubiya sun gano cewa zuwa nan ya fi zuwa can sauƙi. Suna shigowa da fuskar da suka ɗaura tun daga ƙofar gida, su zauna, su faɗi abin da na jiya suka faɗa, idonsu yana kan tayoyina. Ɗaya ya ce ya kamata in riƙa fita ina shan iska. Wata maƙwabciya, wadda matata ta yi wa ɗinki kyauta har 'ya'yanta suka girma, ta sassauta murya ta ce, "Keken ɗinkin nan nata fa, idan an tashi rabuwa da shi a tuna da ni. Tunda dai hannun..."

Na ce mata hannun yana nan inda Allah ya ajiye shi. Na miƙe na ɗauki bokiti na fara watsa ruwa kusa da ƙafafunsu. Suka tuna suna da wurin zuwa.

Bayan sun fita na rufe keken da zani.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Na'ana'a a tsohuwar butar shayi, ta kama. Albasa a aljihun tebur da kafinta ya yar, ta kama. Tumatir a cikin taya, ya fito tsaye kamar yana jiran a tafa masa. Ƙofar firijin na ɗora a kan bulo ta zama benci. Duk abin da ban damu da shi ba yana rayuwa.

Rassan cikin gwangwani suna baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ba lokacinsu ba ne, na sani tun ranar da na soka su. Yau na zare na ƙarshe, ya fito da laushi, yana wari. Gilashin ma rana ta tsaga shi.

Saura uwar kaɗai.

Litinin, 18 ga wata

Ban je ba.

Laraba, 20 ga wata, bayan azahar

Na ɗaga buhun na karce ɓawon da farce. Kore ne a ciki, da danshi. Na mayar na rufe.

Sarkin Siminti ya fito da tef yana auna dokin ƙofata.

"Likita ya ce da keken marasa lafiya za ta dawo, Yaya. Dole a yi gangara a nan, a buɗe hanya tun daga zaure." Ya bi tayoyin da ido, da ƙarfen gadon, da robobin da ke lilo. "Kayan nan kuma..."

"Na auna. Keke zai wuce."

"Ba wucewar ba ce kawai. Mara lafiya, ga tsatsa, ga sauro, ga mutane suna shigowa."

"Ka taɓa su ka gani."

"To," in ji shi. "To, Yaya."

Na san wannan to ɗin. Irinta ya yi min shekarar gwaiba. Daga yau ba inda za ni. Ko wanka da ƙofa a buɗe zan yi.

Yanzu ko Auta ta tambaya, ina da dalili.

Juma'a, 22 ga wata, da magariba

Ba ta kira ba. Jiya ma ba ta kira ba.

Lahadi, 24 ga wata, da sassafe

Toho.

A kafaɗar da ke fuskantar gabas, a ƙarƙashin bakin buhun. Jajaye ne, ƙanana kamar kan ashana. Sai ka durƙusa ka sa tabarau kake ganinsu. Na durƙusa har gwiwata ta yi tsami.

Ba wanda na gaya wa. Na jawo buhun na inuwantar da su. Na ci abinci yau, na cinye.

Talata, 26 ga wata, da magariba

Da hantsi Auta ta shigo. Ta rame, idonta ya faɗa. Ba ta dubi lambun ba, ni ta duba.

"Sa rigarka, Baba. Tasi tana jira."

"Ba zan bar gidan nan ba."

"Za ka bari. Kwana da kwanaki tana yin wani abu da hannu, ba wanda ya gane. Mun ba ta kofi ta ture, mun ba ta lemo ta ture. Kai ka zauna da ita tun ba a haife ni ba. Zo ka gaya min abin da uwata take so."

Na ce Baffanta fa? Ta ce ya fita wurin aiki tun da safe. Na leƙa, motarsa ba ta nan. Na murza maɓallin robobin, na sa riga.

A cikin tasi ta ce, tana kallon titi, "Ban gaya mata rumman ɗin ya mutu ba."

Na ce, "Kin kyauta." Ita za ta fara ji, haka na yi niyya.

Warin wurin bai canza ba. Na wuce bakin ƙofar da na tsaya wancan karon. Sun yi mata kitso, wani iri da ba nata ba. Da ta gan ni, rabin fuskar da ke motsi ya motsa. Sai ta ɗaga hannun hagu, ta buɗe tafin sama, yatsun a lanƙwashe, ta jinjina shi a hankali.

Haka take yi idan ta tsinko ɗan rumman, ta ji nauyinsa kafin ta fasa.

Nas ta kira Auta waje. Na sunkuya na sa bakina a kunnenta. Na ce duron ya ruɓe, na sake masa gida, na datse shi, kada ta yi faɗa. Na ce ya yi toho, jajaye. Na ce na auna tsayin da kujera, hannunta zai kai.

Ta kama ɗan yatsana ta matse. Akwai ƙarfi a hannun nan. Na zauna har la'asar, ban san lokaci ya tafi ba.

Na dawo ni kaɗai. Tun daga zaure na ji warin sabon siminti.

An share, an wanke, har da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga bango zuwa bango babu ko tsinke. A ƙofata ga gangara, santala, an kewaye ta da igiya kada a taka. Inda firijin yake sai zoben tayoyi a kan dandamali.

Yana tsaye yana goge hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Yaya, ka ga aiki? Ni da Auta muka shirya, muka ce ka dawo ka tarar an gama, kada ka wahala. Sikeli ya kwashe komai."

Gobe zan rubuta sauran.

Laraba, 27 ga wata, da safe

Jiya a nan na bar shi tsaye. Na juya na fita. Rabon da in yi gudu a titi har na manta, kuma abin da na yi ba za a kira shi gudu ba.

Firijin yana bakin filin, a kife, wayam. Ƙasar da na cuɗa da hannuna sun juye ta a kwata. Na gane ta da garin gawayin.

Sikeli ya taso yana murmushi. "Malamin gona! Ai na ce musu firijin nan na san shi, gida ya dawo."

"Itacen da ke ciki fa?"

"Wane itace?"

"Sandar. Mai buhu."

"Au, wannan?" Ya juya wajen masu ƙona waya. "Kai, miƙo sandar Baba." Ya karɓo, ya jinjina ta, ya miƙo min. "Wallahi sanda ce mai kyau. Tun azahar da ita suke juya wuta. Ɗanya ce shar, ta ƙi ci, sai kumfa take yi a baki. Gindin ne ya cika gashi, muka sare."

Da zafinta na karɓa. Rabinta gawayi, sauran narkakkiyar roba ta manne. Na nemi kafaɗar gabas. Na karce da farce, na sake karcewa a ƙasa, na sake. Na tambayi inda suka jefa gindin. Ya nuna wutar.

"Ka ɗauka, Baba, kyauta. Ko in nemo maka ta ƙarfe, wadda ta fi ta ƙarko?"

Na taho da ita a hannu. Mutane suna ba ni hanya.

Alhamis, 28 ga wata, bayan azahar

Ƙanena ya ga sandar a jingine a ƙofata, ya tambaya. Na gaya masa ko mece ce. Kalma kaɗan.

Ya zauna a kan dokin ƙofarsa, ya cire hula. Sannan ya ce, "Yaya, na tambaye ka fa. Da bakina na tambaye ka. Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce zai sayo wani, babba, mai 'ya'ya, a tukunyar siminti mai fenti. Ya ce matata ba za ta gane ba.

Na roƙe shi abu ɗaya, karo na farko tun muna yara: kada ya gaya wa Auta. Ita ce mai ɗaga uwarta da kwantar da ita, ba na so ta riƙa yi da wannan a ƙirji.

Na je yau. Ta jinjina hannun. Na gyara mata filo.

Juma'a, 29 ga wata

Na je. Gobe za a sallame ta.

Asabar, 30 ga wata, da la'asar

Sun kawo ta da hantsi. Gangarar ta yi kyau, keken ya hau ba gargada. Wannan kam ya iya.

A tsakiyar tsakar gida ta sa tafin hagu a kan taya ta tsayar da keken. Ta juya kai wajen famfo. Ta dubi lungun, ta dubi bangon, ta bi dandamalin da ido har ƙarshensa. Sannan ta dube ni, ta buɗe tafin, ta jinjina.

Auta ta ce, "Ka gani ko, Baba? Har yanzu ba ka gaya min abin da take so ba."

Na ce rana ta yi zafi, a shigar da ita.

Tana ciki yanzu, fuskarta tana wajen taga. Sandar tana ƙarƙashin gadona.

Itacen rumman ɗaya, daga gidan mahaifiyarta, wanda ya girmi duk 'ya'yanmu. Gidan mahaifiyar an rushe shi tuntuni, babu wani irinsa. Yana da rai lokacin da suka sa shi a wuta.